Jagoran Shirya Tafiyar Ilimi ta Ɗalibai daga Maraɗi zuwa Katsina da Kano

Makarantun sakandare na Maraɗi, na gwamnati da masu zaman kansu, sukan yi sha'awar fitar da ɗalibansu ƙasar waje domin tafiyar ilimi, wato tafiyar da ake tsarawa a matsayin darasi, wadda take haɗa nazarin tarihi da al'ada, da lura da muhalli, da kuma wani aikin gayya da ɗalibai za su yi tare da al'ummar da ta karɓe su. Ƙasar da ta fi kusa ita ce Najeriya, domin iyaka tana kimanin kilomita 50 daga birnin, Katsina kuma nisanta bai kai kilomita 100 ba. Wannan kusanci shi ne yake yaudarar malamin da bai taɓa shirya irin wannan tafiya ba, sai ya ɗauka cewa tunda harshe ɗaya ne, addini ɗaya, kuma kusan kowane gida yana da dangi a can, ɗaukar yara talatin bai bambanta da zuwa biki ba. Daga nan kurakurai suke fitowa, kuma kusan kullum iri ɗaya ne: ana barin takardu sai makon tashi, ana cusa wurare goma cikin kwana uku, ana kai yaran da ba su taɓa shiga fadar garinsu ba su kalli fadar wani gari, sannan a rufe da dashen itatuwa a tsakiyar rani waɗanda babu mai ba su ruwa bayan an juya baya.

Abubuwan da ake bukata

Na farko shi ne makarantar da za ta karɓi baƙi a Katsina ko Kano, wadda ta amince a rubuce, ta kuma ware malami guda da za a riƙa magana da shi. Sai izinin hukumar ilimi ta jihar Maraɗi da takardar aiki ta malaman rakiya, da takardar yardar iyaye ta kowane ɗalibi wadda hukuma ta buga wa hatimi, da takardar haihuwa da katin makaranta, da katin ɗan ƙasa ko fasfo ga manya da duk ɗalibin da ya kai shekarun mallakarsu, da katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da kati mai ruwan ɗorawa. Ana bukatar mota mai lafiya da cikakkun takardu da inshorar da take aiki a ƙasashen biyu, da babba ɗaya ga kowane ɗalibai goma, da malamai mata idan akwai ƴan mata a ayarin, da ma'aikacin lafiya ɗauke da akwatin magani. Cikin ƙananan kaya akwai gidan sauro, da jarkokin ruwan sha, da littafin rubutu da fensir ga kowane ɗalibi, da adduna da wuƙaƙe masu kaifi na aikin gona waɗanda malami ne kaɗai zai riƙe su, da mahaɗin caji, saboda soket ɗin Najeriya mai baki uku ne, na Nijar kuwa mai baki biyu zagayayyu.

Mataki na 1: Tsayar da tambaya guda

Kafin a yi maganar kuɗi ko mota, malaman tarihi da labarin ƙasa da kimiyyar halittu su zauna su tsayar da tambaya ɗaya da dukan tafiyar za ta amsa, domin ita ce ma'aunin da za a riƙa ɗaukar wuri ko a ajiye shi. Ga ɗaliban Maraɗi, tambayar da ta fi albarka ita ce yadda ƙasa ɗaya, mai jama'a ɗaya da gulbi ɗaya, ta zama ƙasashe biyu, da abin da ya canja da wanda bai canja ba tun daga lokacin. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata wannan iyaka ta yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan ayarin jami'ansu Tilho da O'Shee ya bi ƙasa yana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Idan aka riƙe wannan tambaya, fada da gidan tarihi da gona da aikin gayya duk sai su zama sassan darasi guda. Idan babu ita, ɗalibi yakan dawo da hotuna a waya, amma ba ya iya faɗin abin da ya haɗa wuri na farko da na biyu.

Mataki na 2: Fara tafiyar a gida

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne mafi muhimmanci, domin mutum ba ya gane bambanci sai da abin da zai gwada. Ya kamata a yi fita uku na yini ɗaiɗai a watannin da suka gabaci tafiyar, kuma kuɗinsu kaɗan ne.

Fita ta farko fadar Maraɗi ce da unguwannin da suke gangarawa fadama. A nan ɗalibi zai ji dalilin da ya sa ake kiran sarkin garin Sarkin Katsinan Maraɗi: bayan da mujahidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina wajajen 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajajen 1819, zuriyarsa kuma ta ci gaba da ɗaukar kanta magajiyar tsohuwar sarautar Katsina. Zai kuma ga inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta cinye shi a mayar da jama'a kan tudu, wanda shi ne dalilin da ya sa titunan sabon gari suke miƙe kamar an ja su da igiya. Fita ta biyu Tsibirin Gobir ce, inda Gobirawa suka kafa sabuwar hedikwata a ƙarƙashin sarkinsu Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, shekaru 28 bayan faɗuwar tsohuwar hedikwatarsu Alƙalawa. A can ne za a tambayi matsayin Inna, wato sarautar mace ta gidan Gobir wadda takwararta a Maraɗi ita ce Iya, domin ɗalibai, musamman mata, su san cewa tsohon tsarin mulki yana da gurbin mace mai faɗa a ji.

Fita ta uku ta muhalli ce, zuwa Jiratawa, inda ake noman rani a fili da ya haura hekta 500, ana jawo ruwan ƙarƙashin ƙasa da injina ana rarraba shi ta magudanai, kuma zogalen wurin ya yi suna a kasuwannin jihar. Abin da ake so ɗalibi ya tambayi manoma shi ne lokacin da ruwa yake zuwa gulbi da lokacin da yake ƙafewa, da yadda zurfin rijiya ya canja a rayuwarsu. Dalili shi ne Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, inda ake kiransa Gada kuma aka datse shi a Jibiya, sannan ya ratsa ƙasar Maraɗi ya sake komawa Najeriya ya zuba a gulbin Rima. Yana cikin ruwayen da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin ƙasashen biyu ta tanadi yadda za a raba amfaninsu. Idan lokaci ya ba da dama a ƙarasa tafkin Madarumfa, wanda tun 2006 yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tare da dajinsa da kaburburan waliyyai 99. A haramta wanka a tafkin da magudanan ruwa baki ɗaya, saboda nutsewa da kuma tsargiya, cutar da ake ɗauka a ruwa mai kwanciya wadda take sa fitsarin jini.

Mataki na 3: Zaɓen lokaci

Hutun ƙarshen Disamba ya fi dacewa ta fuskar yanayi, domin damina ta wuce, hanyoyi sun bushe, zafin bazara da lokacin sanƙarau ba su kankama ba, jarrabawar BEPC da ta bakaloriya kuma suna da nisa. Amma akwai tarko a ciki, wato makarantun Najeriya su ma suna hutu a wannan lokaci, don haka ayari zai iya isa ya tarar da azuzuwa a kulle. Mafita ita ce a nemi kalandar makarantar da za ta karɓi baƙi tun a Oktoba, a sa tafiyar a kwanakin da ɗalibanta suke nan, ko da hakan zai sa a nemi izinin fita na kwana biyu ko uku cikin zangon karatu. A duba kuma inda azumi da salla suka faɗa a shekarar. Kwana biyar sun isa: biyu na hanya, uku na aiki.

Mataki na 4: Takardu da hukumomi

A fara neman takardu aƙalla wata uku kafin tashi, a bi su daki-daki daga shugaban makaranta zuwa kwamitin kula da makaranta da aka sani da COGES, inda iyaye suke da wakilci, sannan hukumar ilimi ta jiha da ofishin gwamna. Takardar yardar iyaye ba ado ba ce: jami'an iyaka na ɓangarorin biyu suna sa ido kan safarar yara, kuma mota cike da ƙananan yara ba tare da shaidar iyayensu ba abar tuhuma ce ko da direba da jami'i sun san juna. Sunan da ke kan takardar ya zama daidai da na takardar haihuwa harafi da harafi, domin Mahamadou da Mamane da Muhammadu suna iya zama mutum ɗaya a gida, amma a teburin jami'i mutum uku ne. Rigakafin shawara yana fara aiki a hukumance kwana 10 bayan allura, saboda haka wanda aka yi wa ana jibi tashi katinsa bai cika ba.

Dokokin tsallaka iyakar sun sha canjawa a ƴan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Don haka abin da wani malami ya yi bara ba hujja ba ne. A je ofishin ƴan sandan iyaka a tambayi abin da ake nema a lokacin, game da mutane da kuma inshorar mota, a kuma aika jerin sunayen ayari ga ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu, asali a hannun shugaban ayari, kwafi ɗaya a hannun mataimakinsa, ɗaya a makaranta.

Mataki na 5: Hanya da tsaro

Hanyar da aka saba ita ce Maraɗi zuwa Ɗan Isa, a tsallaka Magamar Jibiya, a shiga Katsina. Gajeriya ce, amma yankin Jibiya da wasu sassan Madarumfa sun yi fama da ƴan bindiga masu satar mutane, kuma sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020 ya nuna cewa taron yaran makaranta abin hari ne. Akwai hanya ta biyu mai tsawo, ta Tasawa da Matamaye zuwa Ɗan Barto, a tsallaka Kwangwalam a faɗa Daura, wadda take da fa'idar biyawa ta rijiyar Kusugu. Ba malami ne zai zaɓi hanya shi kaɗai ba. Hukumomin tsaro na ɓangarorin biyu ne za su ba da shawara, a sake tuntuɓarsu ana gobe tashi. A tashi bayan sallar asuba idan gari ya waye, a isa masauki kafin la'asar, kada a yi tafiyar dare ko da mota ta lalace ta ci lokaci, kada kuma a sanar da rana da hanya a Facebook ko WhatsApp. Tun a taron farko da iyaye a rubuta sunan wanda yake da ikon soke tafiyar da yadda za a mayar da kuɗi, domin idan ba a yi haka ba, kunyar iyaye da asarar kuɗin mota sukan sa a tashi a ranar da bai kamata ba, alhali da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Datsin Jibiya, duk da muhimmancinsa ga darasin, a karanta shi a taswira matuƙar hukuma ba ta ce a je ba.

Mataki na 6: Kuɗi da sadarwa

A lissafa mota da mai da masauki da abinci da kuɗin shiga wuraren tarihi, a ƙara kashi 15 cikin 100 na ko-ta-kwana, domin darajar naira da sefa tana motsi tsakanin ranar lissafi da ranar tashi. Kuɗin ayari ya kasance a hannun mutum biyu, kowane kashewa da rasit. A koya wa ɗalibai cewa lissafin dala bai tsallaka iyaka ba: a kasuwar Maraɗi wanda ya ce ɗari biyu yana nufin dala 200, wato sefa 1,000, amma a kasuwar Katsina ɗari biyu naira 200 ce cif. Layin waya na Najeriya ba ya buɗewa sai an yi masa rajista da takardun shaida, don haka a dogara da layin gida da aka buɗe masa aiki a waje da kuma wayar malamin da ya karɓi baƙi.

Mataki na 7: Ziyarar wuraren tarihi

Wuri biyu a yini sun isa, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kuma kowane rukuni na ɗalibai biyar ya shiga da tambayoyinsa a rubuce. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, wadda ta rage daga tsohon masallacin birnin, da Ƙofar Soro ta gidan sarki, da gidan tarihi da ke ginin tsohuwar kwalejin horon malamai da aka kafa a 1921, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A Kano akwai Gidan Makama, da marinar Ƙofar Mata, da kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da dutsen Dala, wanda daga kansa ake ganin shimfiɗar tsohon birni. Fada ba a shiga ta da ka. A aika wasiƙa tun da wuri ta hannun makarantar da ta karɓi baƙi, a koya wa yara cire takalmi da durƙuso da gaisuwar ranka ya daɗe, a kuma hana ɗaukar hoto sai an ba da izini, a fada ko a shingen jami'an tsaro.

Akwai wani abu da malamin tarihi zai shirya wa ɗalibansa tun daga gida. Labarin 1807 da za su ji a Katsina labarin nasarar jihadi ne da kafuwar sarautar Ummarun Dallaje, sannan gidan Muhammadu Dikko daga 1906, wanda kuwa suka ji a Maraɗi labarin hijira ne da tsayin daka. Yaro mai zafin kai yakan so ya yi gardama da mai jagora. Abin da ake so shi ne ya rubuta abin da ya ji yadda aka faɗe shi, da sunan sarautar wanda ya faɗa, sannan da dare a jera riwayoyin biyu a duba inda suka haɗu da inda suka rabu, wanda shi ne ainihin aikin masanin tarihi.

Mataki na 8: Aikin gayya

Ƙa'idar farko ita ce masu masauki ne za su faɗi abin da suke bukata, ta biyu kuma aikin ya zama wanda zai rayu ba tare da baƙi ba. Rabon tsofaffin tufafi da ɗaukar hoto da marasa galihu ba ya cikin wannan, domin yana mayar da maƙwabci abin tausayi, kuma ba ya koya wa ɗalibi komai. Dashen itace a Disamba shi ma asara ne, sai in akwai rijiya da shinge da wanda ya ɗauki alkawarin ban ruwa har saukar damina.

Ɗaliban Maraɗi suna da abin da ya fi wannan, wato sassaben zamani, dabarar raya itatuwa daga kututturan da suke toho da kansu a gona maimakon dasa sababbi. A yankin Maraɗi aka fara yaɗa ta daga 1983, ta hannun Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM tare da manoman karkara, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Tana yiwuwa da rani, ba ta bukatar ruwa, domin saiwar tsohon itacen tana nan da ranta a ƙasa. Yadda ake yi shi ne a zaɓi kututturen gawo ko kalgo ko sabara ko aduwa, a bar rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a sare sauran, a rage ƙananan rassan gefe har kusan rabin tsayi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama da kaifi domin kada ɓawo ya yage, sannan a ɗaura ƙyalle mai launi alamar cewa itacen yana da mai shi. A fifita gawo inda yake, saboda yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, kuma yana ƙara wa ƙasa taki. Ɗalibai su koyi aikin a gonakin Jiratawa ko Tsibiri a hannun manomi kafin tafiya, sannan a can a haɗa su bibbiyu, baƙo da ɗan gari, a gonar makaranta ko ta wanda ya ba da izini a bakin gari. A fara da hantsi a tashi kafin azahar, kowa da takalmi rufaffe, a bubbuga kututture da sanda kafin a sa hannu saboda maciji da kunama, kuma adda ba ta fita hannun babba sai yana tsaye a wurin.

Mataki na 9: Masauki da lafiya

A kwana a makarantar kwana mai katanga da mai gadi, maza daban mata daban, kowane ɗaki da babba. A ƙirga ɗalibai da suna duk lokacin hawa mota da sauka da kwanciya. Abinci daga tukunya ɗaya da aka sani, ruwa daga jarkar ayari, kuma ba a barin ɗalibi ya hau ɗan acaba ko a-daidaita-sahu shi kaɗai. Dangi za su zo neman a ba su ɗansu ya kwana gida. A karɓe su su gaisa a masauki, amma yaro ba ya fita sai in iyayensa sun rubuta hakan tun a Maraɗi.

Mataki na 10: Bayan dawowa

Cikin mako biyu kowane rukuni ya gabatar da amsarsa ga tambayar mataki na farko a gaban iyaye da COGES, da Hausa, wadda dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana a matsayin harshen ƙasa, sannan a rubuta taƙaitawa da Faransanci domin ajiyar makaranta. A wannan zama ne shugaban ayari zai karanta lissafin kuɗi da rasit, a mayar da abin da ya rage. A aika wasiƙun godiya ga makarantar da fadar da ofishin jakadanci, a nemi hoton itatuwan da aka sassabe bayan damina ta farko tare da adadin waɗanda suka tsira daga awaki da masu itacen girki, sannan a sa ranar da ɗaliban can za su rama ziyara, wadda ita ma za ta bi waɗannan matakai tun daga neman izini.